Katakon Tirelar Jirgin Ruwa Ya Gaji: Ka Saya Ne Ko Ka Haɗa Naka?

Duk mai ƙaramin jirgin ruwa na faiba ko na alminiyam, irin wanda ake ɗorawa kan 'yar tirela mota ta ja shi zuwa bakin ruwa, ya san katakan nan biyu ko huɗu masu rufin kafet da jirgin ke kwanciya a kai. Su ke ɗaukar nauyinsa a hanya, su sha ruwa a kowace saukarwa, su sha rana a gida, don haka dole wata rana su gaji. A Amurka, inda harkar ta fi yawa, ana sayar da su a haɗe, sai dai ka kwance tsoho ka ɗaura sabo. Ga wanda jirginsa ke shiga Tafkin Jabi, Dam ɗin Tiga ko ruwan Kainji kuwa, odar katako daga ƙetare ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga shi kuma kafinta yana nan bakin layi. Shawarata ita ce ka haɗa naka, amma kada ka yi rowa wajen noti da kafet.

1. Fara gwada tsohon katakon.
Ɗauki sukundireba ka soka ta ƙasa, kusa da noti da kuma bakunan katakon biyu, domin a nan ruɓa take farawa. In ya nutse ba wahala, ko ka ga noti yana juyawa ba ya kamawa, katakon ya gama aiki ko da kafet ɗinsa yana nan fes. In kuwa icen yana da ƙwari, kafet ne kaɗai ya yage, sauya kafet ka adana kuɗinka.

2. Yi lissafin a takarda.
A gefe guda rubuta kuɗin katako, kafet, noti da ladan kafinta, a ɗaya gefen kuma farashin haɗaɗɗen, kuɗin dakonsa da na kwastam. Kamfanonin dako suna caji ne bisa nauyi da girman kaya, katako mai ƙafa 8 kuwa ga nauyi ga tsawo, shi ya sa sau da yawa dakon kan fi kuɗin kayan. In za ka yi oda, kafet da ƙananan ƙarafa su suka cancanta, domin ba su da nauyi kuma su suka fi wuyar samu masu kyau.

3. San inda saye ya fi.
In tirelarka tana amfani da shimfiɗar alminiyam mai rufin roba, ko wata siffa ta musamman da kamfani ya ƙera don jirginka, nemi irinta, domin kwaikwayonta da ice zai iya canja yadda jirgin ke zama. Haka nan in ba ka da kafintan da ka yarda da aikinsa, kuma akwai mai sayarwa kusa. Ko da ka saya, leƙa ƙarƙashin kafet ka ga irin icen da irin ƙusar da aka sa kafin ka biya.

4. Auna, ka ɗauki hoto, kada ka jefar da tsohon.
Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton kowane mariƙin ƙarfe da wayarka, ka yi alama da fenti a inda yake zaune. Abin da Amurkawa ke kira 2 x 4 ainihin awonsa inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, don haka in tirelarka 'yar can ce, tu-bai-fo ɗin kasuwarmu zai iya buƙatar a kai shi inji a rage. In ka riga ka cire tsohon katakon, tafi da shi wurin kafinta, a ɗora shi kan sabon a fitar da tsawo da gurbin ramuka daidai.

5. Zaɓi icen da ya saba da ruwa.
Iroko shi ne kan gaba, don an daɗe ana aikin jirgi da shi, kuma ba ya saurin ruɓa. Maɗaci mai kyau ma yana yi. Guji obeche da farar afara, suna da araha da sauƙin aiki amma ba sa jure jiƙa da bushewa, gara kuma tana son su. Ƙaramin jirgi tu-bai-fo ya ishe shi, mai nauyi kuwa ba shi tu-bai-sikis, don faɗin katako yana raba nauyin a jikin jirgin.

6. Ɗauki busasshe, miƙaƙƙe.
A 'yan katako, ɗaga baki ɗaya zuwa idonka ka hango tsawonsa, duk wanda ya karkace ko ya murɗe ka mayar. Ɗanyen katako zai lanƙwashe bayan ka ɗaura, sai nauyin jirgi ya taru a wuri ɗaya. Ka guji mai babban ƙulli ko tsaga a inda noti zai shiga, sannan ka sa a goge kaifin gefuna da sanfefa don kada su yanke kafet daga ciki.

7. Mai jirgin alminiyam, yi hattara da katako mai magani.
Daga ƙarshen 2003 aka daina amfani da tsohon maganin katako mai sinadarin arsenik a kayan gida a Amurka, aka koma ga masu yawan jan ƙarfe, kuma da yawa daga katakan da ake sayarwa a haɗe irinsu ne. Idan jan ƙarfe ya haɗu da alminiyam a cikin danshi, yakan ci alminiyam ɗin, ya bar ƙananan ramuka a gindin jirgi. Kafet jiƙaƙƙe ba ya tare wannan, don haka ka yi amfani da ice marar irin wannan magani, ko ka raba katakon da jirgin da rufin roba.

8. Kada ka shafa baƙin mai.
Mun saba shafa wa katakon rufi baƙin man inji don gara, amma wannan katakon cikin ruwa yake shiga, ruwan da ake sha, ake kama kifi a ciki. Man zai tsattsafo ta kafet ya ɓata jikin jirgin, ya kuma sa shi santsi. Fentin mai ko banish shafi biyu ya wadatar, ka fi cika shi a bakunan katakon da cikin ramukan da aka huda, don ta nan ice ke shan ruwa.

9. Kafet ɗin ɗaki ba na nan ba ne.
Nemi kafet na zaren roba zalla, irin na jirgin ruwa ko na shimfiɗa a waje, wanda ruwa ke ratsawa ya wuce. Na ɗaki mai soso ko buhu a bayansa yana riƙe ruwa kwana da kwanaki, ya ruɓar da sabon katakonka ya kuma tattara yashi. Gwajin mai sauƙi ne: zuba ruwa kan guntunsa ka ɗaga, in ya tsiyaye nan take ya yi, in ya yi nauyi ya riƙe, bar shi.

10. Naɗe sama da gefe, ka bar ƙasa a buɗe.
Auna faɗin sama da gefuna biyu, ka ƙara inci guda ta kowane ɓangare don lanƙwasawa ƙasa, yadda tsakiyar ƙasan zai zauna tsirara ruwa ya samu hanyar fita. Kafa gefe ɗaya tukuna, ka ja kafet ɗin ya ɗame sosai, sannan ka kafa ɗayan, ƙusa kowane inci biyu zuwa uku. Duk ƙusa ta tsaya a ƙasan katako, ko ɗaya kada ta hau inda jirgi zai taɓa.

11. A noti da ƙusa ne araha ba ta ado.
Baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa cikin damina ɗaya, kafet ya saki, katako ya fara rawa. Sayi ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304 don ruwan daɗi, lamba 316 in jirgin yana shiga ruwan gishiri irin na Legas. Tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu: waɗannan biyun ba ya kama su, ko kuma kamun ya zama mai rauni ƙwarai, amma in ya manne tamau, wani ƙarfen ne aka ƙyalƙyale.

12. Kan noti ya nutse cikin ice.
In ƙusa mai noti za ta ratsa katakon daga sama, a faɗaɗa bakin ramin yadda kanta zai nutse ƙasa da fuskar ice, kuma a sa ta kafin a naɗa kafet. In kuwa mai murɗi ce da ke shiga ta ƙasa, gwada tsawonta da kaurin katakon, tsininta ya tsaya aƙalla kwatan inci kafin ya ɓullo. Kan ƙarfe guda da ya leƙo ya isa ya tsaga gindin jirgin faiba daga gaba har baya a lodi ɗaya.

13. Yi aikin lokacin da jirgi ke kan ruwa.
Haɗa katakanka tsaf a gida, ka saukar da jirgi ka ɗaure shi a gaɓa, sannan ka sauya su kan tirela ba kaya, ka huta da ɗaga nauyi. Ka ɗiga wa tsofaffin notuna man kwance tsatsa tun kwana guda kafin aikin, ka tafi da zarton ƙarfe saboda masu taurin kai. In dole sai a gida, haɗa tirelar da mota, ka datse tayoyi, ka ɗaga gefe ɗaya ka tokare da gungumen ice, kuma kada ka sa hannu ko kai a ƙarƙashin jirgin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

14. Katako ya kai har bangon baya.
Bangon da ake rataye inji a jikinsa shi ne mafi nauyi, don inji mai ƙarfin doki 40 yakan haura kilo 60, kuma kowane ramin hanya yana ninka bugunsa. Saita katakan su kai ƙarshen jirgin ko su ɗan zarce da inci guda, in ba haka ba gindin zai lotsa a hankali daidai inda suka tsaya. Ɗora jirgin ka leƙa: ya kwanta a kansu tun daga farko har ƙarshe ba giɓi, kuma layukan da suka taso a gindinsa su sauka gefen katako, kada su hau kai.

15. In ka sa rufin roba mai santsi, kada ka kwance ƙugiya da wuri.
Irin wannan rufi ba ya ruɓa, yana kuma sauƙaƙa saukar da jirgi, musamman na alminiyam, amma santsinsa ya fi yadda ake zato. Bar igiyar gaba da sarƙar tsaro a ɗaure har sai bayan jirgin ya shiga ruwa, kada ya zame ya faɗi kan gangara. A hanya ma ka ɗaure bayansa da bel ta ɓangarori biyu.

16. Wanke, shanya, sake ɗaurewa.
Yashin da ya maƙale a kafet yana goge fentin jirgi a duk hawa da sauka, don haka ka kwara masa ruwa ka bi da buroshi lokacin da jirgin ke kan ruwa. Cire duk ciyawar da ta laƙe kafin ka bar gaɓa, kada ka kai irinta wani dam ɗin. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun san yadda kachalla ke toshe hanyar ruwa. Bayan fita biyu ko uku ka bi notuna da sifana, domin sabon ice yana ɗan zama, sannan ka maimaita gwajin sukundireba a farkon kowace damina.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka ware rana guda tun kafin buƙata ta taso, ka kira kafinta, ku gama a natse. Ragowar kafet da notuna ka ajiye su a akwatin mota, ka kuma rubuta awon katakan a jikin tirelar da fenti don aiki na gaba ya zo da sauƙi. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare ruwa.