FILIN MANOMA: Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Bindiga

Da yawa cikin mutanen Kakuri masu gonaki wajen Kujama da Gwagwada suna da tsohuwar bindigar harbin birai da gyado, wadansu gado suka ci, wadansu saye suka yi hannu da hannu. In aka tambayi mai ita shekarunta, sai ya nuna lambar da ke jikinta, ya ce ai ga ta nan. To, lamba ita kaɗai ba ta faɗin shekara. Kowane kamfani da nasa lissafi, sai wanda ya ga littafinsu ya san ranar da lamba kaza ta fita. Kamfanin Greener na Ingila yana cikin waɗanda ake iya bin lissafinsu, amma ƙananan maƙera da yawa sun mutu da littattafansu. A Amurka ma, kafin dokar 1968, akan ƙera bindigogi masu araha ba lamba sam.

Abin da ya fi lamba faɗin gaskiya shi ne hatimin gwaji. A Ingila da Beljiyam da Italiya ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, an ɗura mata albarushi fiye da kima an harba. In ba ta fashe ba, a buga mata hatimi. Hatiman kuwa suna sakewa da zamani, shi ya sa suke nuna shekaru.

Ga yadda ake dubawa. A tabbata babu harsashi ciki. A cire itacen gaba, a karya bindigar, a zare bututun, a kifa shi. Hatiman suna ƙasa, daidai inda bututu ke zama bisa uwar bindiga. A goge da tsumma da ɗan kananzir, a shafa alli, rubutun zai fito fari. Kada a sa zarto ko takardar yashi, gama hatimin da aka kankare ba ya komowa.

Da yawa cikin tsofaffin bindigogin ƙasar nan daga Birmingham suka zo, inda aka kafa gidan gwaji tun 1813. In an ga an rubuta NOT FOR BALL, an gwada ta tsakanin 1875 da 1887, watau ta girmi zuwan Turawa Kano. In an ga kambi bisa BP, da kambi bisa BV, tsakanin 1904 ne da 1954. Tun daga 1925 aka fara rubuta tsawon gidan harsashi da inci, misali 2½, saboda haka mai BP da BV wadda ba ta da wannan awo ta riga 1925. Kambi bisa BNP, tare da kalmar TONS, na dokar 1954 ne. Daga 1989 sai aka koma awon milimita da kalmar BAR.

Ta Beljiyam ana gane ta da haruffa ELG cikin zobe mai siffar ƙwai. In da kambi a kan zoben, ba ta riga 1893 ba. Mutanen Italiya su suka fi kowa sauƙaƙawa: daga 1945 suna buga alamar shekara, X shi ne 1954, daga 1975 kuma suka koma haruffa bibbiyu, AA na farko. Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, samfurin IZh-18, a 1964 aka fara ƙera ta. A wannan shekara kuma aka kafa DICON, ma'aikatar makamai da ke nan Kakuri, wadda kamfanin Fritz Werner na Jamus ya gina. Duk bindigar da ke ɗauke da ɗayan sunayen nan biyu, kome tsatsarta, ba ta zamanin Razdan ba ce, kada dillali ya ruɗi mutum.

Sanin nan ba na ado ba ne. Tsofaffin bindigogin Ingila galibi gidan harsashinsu inci 2½ ne, watau milimita 65, harsashin da ke kasuwa kuwa yawanci 70 ne. Abin da ke cutar mutane shi ne, dogon harsashin yakan shige lafiya lau, bindiga ta rufu, domin awon nan na kwanson da aka riga aka harba ne, bayan bakinsa ya buɗe. Sa'ad da aka ja kunama, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa sosai, ƙarfin wuta ya ƙaru cikin ƙarfen da ya riga ya tsufa. Hannun hagu kuwa nan yake riƙe, fuska ma ba nisa.

Har wa yau a nemi NP, ko BNP, ko kalmomin NITRO PROOF, a ta Beljiyam kuma PV. In babu, da baƙin albarushi mai hayaƙi aka gwada ta, ba ta san harsashin zamani ba. Haka nan bututun da aka ga zane a jikinsa kamar murɗaɗɗiyar igiya, ƙarafa ne aka nannaɗe aka haɗa, tsatsa takan bi sawun haɗin ta ci ciki inda ido ba ya gani. Irin wannan gara a rataye ta a zaure.

Sai dai hatimi ranar gwaji yake faɗi, ba lalle ranar ƙira ba. Kambi bisa R alama ce an mai da bindigar an sāke gwada ta daga baya. Kuma shaidar gwajin shekara saba'in da suka wuce ba ta lamunce bututun da damina saba'in ta ci ba.

Amfanin lamba yana wani wuri dabam. A gwada ta jikin bututu da ta uwar bindiga da ta ƙarfen itacen gaba. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce, shekarun da aka karanta na bututun ne kaɗai, kuɗinta kuma ya faɗi. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga ba lasin, lambar kuwa ita ake rubutawa cikin takarda. Wadda aka ga an goge lambarta, kada a taya ko sisi, maganarta ta 'yan sanda ce.