Darasin Kasuwa: Tanti Mai Araha Ko Mai Tsada?

Ɗan kasuwar da ke sayar da tantuna da sauran kayan zango, ko yake bayar da hayarsu, ba ya rabuwa da tambaya ɗaya: shin mai araha yana biyan buƙata? Masana tattalin arziki suna amsa ta ne ta hanyar raba kuɗin kaya da yawan lokutan da za a yi amfani da shi kafin ya lalace.

A misali, tanti na Naira 40,000 da zai yage bayan an kafa shi sau 10, kowace kafawa ta ci Naira 4,000. Na Naira 150,000 da zai jure sau 100 kuwa, Naira 1,500 kacal ta ci. Ga mai haya, mai tsadar ne mai araha. Amma wanda sau 5 kawai zai buƙaci tanti, mai arahar zai tsaya masa a Naira 8,000, mai tsadar kuma a Naira 30,000.

Abubuwa uku ne ke kawo bambancin farashi. Na farko yadi. Masana'antu suna auna ƙarfinsa na hana ruwa da milimita, kuma galibi ana ɗaukar milimita 1,500 a matsayin abin da zai tare ruwan sama na yau da kullum. Yadin foliyesta ya fi na nailan jure zafin rana, wanda muhimmin abu ne ga mai sayarwa a arewacin Nijeriya. Na biyu sanduna. Na fayiba sun fi araha, amma sukan tsage in iska ta yi ƙarfi, na alminiyam kuwa sukan lanƙwasa a miƙe su. Na uku ɗinki da zik, domin ta nan ne mai araha ya fi fara yoyo ko lalacewa.

Akwai kuma inda lissafin kuɗi ba ya isa. A watan Afrilu na 1997, gobara ta tashi a tantunan auduga na alhazai a Mina, ta hallaka mutane kimanin 340, ta ƙone dubban tantuna. Bayan haka ne gwamnatin Saudiyya ta kafa tantuna na dindindin da zaren gilashi mai rufin Teflon, waɗanda wuta ba ta kama su da sauƙi. Sun ci kuɗi mai yawa, amma ba a kwatanta kuɗin da rayukan da aka rasa.

Saboda haka, kayan da lalacewarsu ba ta jawo babbar asara, kamar kujerar zango, tabarma da tocila, ana iya sayen masu araha. Tanti da murhun gas kuwa, musamman na haya, a nan ne karin maganar nan ta "araha ba ta ado" take tabbata. Mai shago da ya fara tambayar abokin ciniki sau nawa zai yi amfani da kayan, kuma a wane yanayi, shi ne zai sayar masa da abin da ba zai dawo da ƙorafi ba.