Kalila wa Dimna: Yadda Littafin Ya Isa Harshen Ingilishi

Ɗalibin fassara yakan ɗauka cewa kowane fassararren littafi daga harshensa na asali aka ɗauko shi. Tarihin Kalila wa Dimna ya nuna ba kullum haka abin yake ba. Asalin littafin shi ne Panchatantra, tarin labaran dabbobi da aka rubuta a Indiya cikin harshen Sanskirit domin koya wa 'ya'yan sarki dabarun mulki. Manyan taurarin babinsa na farko diloli ne guda biyu, Karataka da Damanaka, waɗanda sunayensu suka rikiɗa suka zama Kalila da Dimna. Damanaka ne ya shiga tsakanin zaki da bijimi har ya raba abotarsu.

A ƙarni na 6 Miladiyya, Burzoye, likitan Sarkin Farisa Kisra Anushirwan, ya mayar da littafin cikin Farisancin wancan zamani, wato Pahlawi. Wannan fassarar ta salwanta. Abin da ya cece ta shi ne aikin Abdullahi Ibn al-Muƙaffa, wanda ya juya ta zuwa Larabci wajen shekarar 750. Daga Larabci aka kai littafin Ibrananci a ƙarni na 12, sai Yohanna na Kapuwa ya fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 13. Anton Francesco Doni ya buga nasa na Italiyanci a birnin Venis a 1552, kuma daga na Doni ne Sir Thomas North ya yi fassarar Ingilishi ta farko, wadda aka buga a Landan a 1570. Ke nan harsuna aƙalla biyar ne suka shiga tsakanin North da asalin littafin.

A nan ne ya kamata mai nazari ya dakata. Masana da dama suna ganin babin shari'ar Dimna, inda aka hukunta shi kan makircinsa, ƙari ne daga Ibn al-Muƙaffa, domin a matanin Sanskirit makirin bai gamu da wani hukunci ba. A fassarar North kuwa, dilolin sun koma alfadari da jaki. Bahaushe, wanda yake kiran dila malamin daji, ba sai an faɗa masa girman wannan asarar ba: wayon da aka san dila da shi, shi ne ginshiƙin labarin. A ganina, aikin North ya fi kusa da baddalawa a kan fassara, ko da yake laifin ba nasa ba ne, abin da ya tarar ya juya.

Sai a 1819 Wyndham Knatchbull ya fassara littafin kai-tsaye daga Larabci. Joseph Jacobs ya sake buga na North a 1888, sannan Franklin Edgerton a 1924 da Arthur Ryder a 1925 suka koma ga Sanskirit ɗin kansa.

Hausa kuwa ta hanyar Larabci ta san littafin, kuma manazarta suna lissafa shi cikin tushen da Abubakar Imam ya ɗebo wajen rubuta Magana Jari Ce. Saboda haka, malamin da zai kwatanta wani labarin Imam da na Kalila wa Dimna a aji, wajibi ne ya fara duba shafin farko na bugun da ke hannunsa, ya ga wane ne ya fassara shi, a wace shekara, kuma daga wane harshe.