Ƙarin Jini: Abin da Ya Kamata Mai Jinya Ya Sani a Gefen Gado

Tun a shekarar 1901 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin 'yan Adam ba iri ɗaya ba ne. Yau kowane ɗalibin jinya ya san rukunoni huɗu: A da B da AB da O. Ya kuma san idan aka ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba, yana iya rasa ransa.

A Jos, jini yakan bi ta hannuwa da yawa kafin ya kai ga majinyaci. Akwai cibiyar tattara jini ta Gwamnatin Tarayya mai kula da shiyyar Arewa ta Tsakiya, akwai kuma ɗakunan gwaje-gwaje na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da asibitin Jan Kwano. Ƙa'ida ita ce a binciki kowace leda don ƙanjamau, da ciwon hanta iri B da C, da tunjere. Amma hannu na ƙarshe na mai jinya ne. Shi zai rataya ledar, shi zai buɗe ta, kuma in ya yi kuskure babu wani a bayansa da zai gyara. Don haka ne ake auna saninsa.

Galibi ana yin awon da takardar tambayoyi. A wane sanyi ake ajiye jini? Tsakanin digiri 2 da 6 a ma'aunin Salsiyas. In an fito da shi daga firji, lalle a fara ƙarin cikin minti 30, a kuma gama kafin awa 4. Wane ruwa aka yarda ya bi robar da jini ke bi? Ruwan gishiri na asibiti kaɗai. Ruwan sukari yana ɓata jinin. Waɗannan duka ana iya haddace su a dare ɗaya.

To, amma takarda ba ta nuna hali. A Birtaniya, tun 1996 ake tattara rahotannin haɗurran ƙarin jini, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne, sau da yawa jinin lafiyarsa lau, sai dai an ba wanda ba shi ne mai shi ba. Mu a nan abin ya fi kusa da mu. A ɗakin jinya ɗaya ana iya samun Pam biyu, ko Gyang biyu, ko Musa Ibrahim biyu. Lambar gado ba shaida ba ce, domin ana sauya wa mutane gadaje. Tilas ne a tsaya a gefen gadon, a tambayi majinyaci cikakken sunansa ya faɗa da bakinsa, a gwada da lambarsa ta asibiti da abin da ke rubuce a jikin ledar. Wanda ya ce, "Ai na san shi," ya riga ya faɗi jarrabawa, ko da ya cinye ta takarda.

Sai kuma maganar sanyi, wadda ta shafi Jos musamman. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daren hunturu a Disamba da Janairu sai wanda ya kwana can. Tausayi kan sa wani ya tsoma ledar jini cikin ruwan zafi ko ya ajiye ta kusa da wuta. Wannan yana fasa ƙwayoyin jinin, ya mai da magani dafi. Mafi haɗari ma, rawar ɗari tana daga cikin alamun farko na cewa jiki ya ƙi jinin da ake ƙara masa. Mai jinyar da ya ce, "Sanyin Jos ne," ko "Zazzaɓin cizon sauro ne," ya ƙara bargo ya wuce, ya ɓata lokacin da ba zai dawo ba. Shi ya sa ake so ya zauna kusa cikin minti 15 na farko, yana auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi. In ya ga makyarkyata, ko zazzaɓi, ko ciwon baya, ko sarƙewar numfashi, ko fitsari ya yi duhu, sai ya tsai da jinin nan take, ya kira likita, ya mayar da ledar ɗakin gwaji.

A ganinmu, awon da ya isa awo shi ne babbar jami'ar jinya ta tsaya ta ga aikin da idonta, har da na dare, sa'ad da mutum ɗaya ke kula da gadaje masu yawa. A kuma tambaya: in ka yi kuskure, za ka faɗa? Inda ake wulakanta mai faɗin kuskurensa, ɓoyewa za a riƙa yi.

Ku kuma 'yan'uwa masu zaman jinya, in an tambayi ɗan'uwanku sunansa sau biyu ko uku, kada ku yi fushi. Kada ku taɓa robar don jinin ya yi sauri. In kun ga ya fara rawar ɗari, ku kira nas kafin ku nemo bargo.