CIN HANCI DA RASHAWA: MAFARINSU DA MAGANINSU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan cin hanci da rashawa ne, watau ciwon nan da kowa ke kuka da shi, amma da wuya a sami wanda zai yarda cewa da hannunsa a ciki. Malaman fiƙihu sun ce rashawa ita ce abin da a ke bayarwa don a danne gaskiya ko a tabbatar da ƙarya. Masana lugga kuwa sun ce kalmar ta samo asali ne daga sunan igiyar guga a Larabci, domin mai ba da ita yana zura dukiyarsa ne ya jawo abin da hannunsa bai kai gare shi ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 188, inda Allah Ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna da miƙa ta ga mahukunta, kalmar zura guga ɗin nan ce ta zo. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ke nan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2024, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai an ba da hanci kimanin sau miliyan 87, kuma tsabar kuɗin da ma'aikata suka karɓa ya kai wajen Naira biliyan 721.

MAFARIN CIWON

Abu na farko shi ne sake wa rashawa suna. Ba a cika jin mutum ya ce ga hanci ba; sai dai ya ce ga goro, ko ga na mai, ko ga 'yar gaisuwa. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, mutumin ƙabilar Azdu, wanda Manzon Allah ya aika karɓar zakka. Da ya komo sai ya kasa kayan kashi biyu, ya ce ɗaya na jama'a ne, ɗaya kuwa kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi huɗuba, ya tambaya don me bai zauna a gidan mahaifansa ba ya ga ko kyautar za ta zo masa. Wannan shi ne ma'aunin da ya rage har gobe: duk kyautar da kujera ta jawo, wadda da mutum ba ya bisa kujerar ba za ta iso ƙofarsa ba, ba halalinsa ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa cikin al'adun zalunci na sarakunan zamaninsa, tare da kuɗin gari da kuɗin salla.

Na biyu, zaton da mutane ke yi cewa dukiyar Gwamnati ba ta da mai ita. Wanda zai ji kunyar ɗaukar kazar maƙwabcinsa, sai ga shi ya kwashe kuɗin maganin asibiti ko na takin manoma, ya kwana lafiya. Alhali kuwa wanda ya saci kayan mutum guda, mutum guda zai nema wa yafiya. Wanda ya taɓa baitulmali kuwa, hakkin marayu ne da majinyata da jariran da ba a haifa ba ya ɗauka, ina zai gan su? Suratu Ali Imrana, aya ta 161, ta bayyana cewa mai ha'inci zai zo ranar Ƙiyama da abin da ya ha'inta. A cikin hadisin Muslimu an nuna cewa ko allura ma'aikaci ya ɓoye, haka hukuncinta ya ke.

Na uku, mai da shugabanci haja. Sa'ad da Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuwa amana ce da nadama ranar Ƙiyama, sai ga wanda ya sauke hakkinta. Wanda ya sayi kujera da kuɗi, ya raba atamfa da taliya ranar zaɓe, lalle zai nemi uwar kuɗinsa da riba daga taskar jama'a. Wanda ya karɓa kuwa ba shi da bakin magana, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na huɗu, matsin dangi da jama'ar gari. Da zarar an naɗa mutum, sai ƙofarsa ta cika da masu bukata, kowa na jiran abin da albashi ba zai iya ɗauka ba. In ya sauka bai gina bene ba, a ce masa wawa. In ya wawura, maroƙa su yi masa kirari, a ajiye masa wuri a sahun gaba. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Na biyar, hukunta ƙanana da ƙyale manya. Lokacin da wata mata daga Banu Mahzum ta yi sata, Usamatu ɗan Zaidu ya je ceto, Manzon Allah ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko ke nan. Sa'an nan ga tauye hakkin ƙaramin ma'aikaci. Hukumar da ke riƙe albashi wata da watanni ta tsaga bango, ƙadangare kuwa ba ya rasa wurin shiga, ko da ya ke wannan ba hujja ba ce ga ma'aikacin.

MAGANINSA

Tarihi ya nuna cewa doka kaɗai ba ta isa. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata fiye da 10,000. An kafa Hukumar ICPC a shekarar 2000, da Hukumar EFCC a 2003. Duk da haka ciwon bai warke ba. Tun kafin wannan, wajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi Gabas saboda son duniya da ya gani ya fara shiga zukata, har mutanen Kano suka tsai da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. In haka ta faru a wancan zamani, to, babu al'ummar da za ta saki jiki.

Matakin farko yana hannun mai bayarwa. Musulmi ya cika takardunsa, ya bi layi, ya nemi rasit a kan kowane kuɗi da ya biya, ya jure jinkiri. Gaskiya ne da yawa daga cikin malamai sun yi rangwame ga wanda aka tsare wa hakkinsa, ya rasa kowace hanya, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma wannan lalura ce, ba ta haɗa da mai gaggawa ko mai neman hakkin wani ba.

Ma'aikaci kuma yana da abin koyi ga Abdullahi ɗan Rawaha. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa da aka aike shi ƙiyasta dabinon Haibara, mutanen wurin suka tara masa kayan adon matansu don ya sassauta. Ya ƙi, ya ce haram ce, kuma bai ƙara musu ko ƙwaya ba don huce haushi.

Mataki na biyu shi ne tambaya. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kan rubuta dukiyar gwamna ranar naɗinsa. In ta ƙaru fiye da kima sai ya raba ta, ya mai da rabi baitulmali, kuma ya yi haka har ga manyan sahabbai irin su Amru ɗan Asi a Masar. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta wa masu muƙami bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 7. Saboda haka mutanen unguwa za su iya haɗa kai su tambayi nawa aka ware wa makarantarsu ko rijiyarsu, wa aka ba kwangilar, yaushe za a gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ga ɓarna ya kai ƙara da hujja, ya guji ƙazafi, domin shi ma babban zunubi ne.

Mataki na uku yana cikin gida da masallaci. Matan magabata sun kasance suna yi wa mazansu wasiyya da neman halal, suna cewa za su iya jure yunwa, amma ba za su iya jure wuta ba. Uba ya tambayi ɗansa inda ya samo motar da ta fi ƙarfin albashinsa kafin ya sa mata albarka. Kwamitin masallaci ya san asalin gudummawa kafin ya yi kabbara, domin Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Ma'aikacin da ya sauka da hannu tsarkakakke kuwa, shi ya cancanci girmamawa, a taimake shi in ya shiga ƙunci, don na baya su gani.

Allah Ya azurta al'umma da shugabanni masu amana da talakawa masu tsoronSa, Ya wadata kowa da halal ga barin haram. Amin.