Darasin Mako: Ƙarfin Ƙafa Bayan Shekara Arba'in

 

Darasin wannan mako a kan jiki ne. Dalili kuwa, kujerun roba da ake jerawa a ƙarshen sahu sai ƙaruwa suke yi, kuma ba dattawa 'yan saba'in kaɗai ke zama a kansu ba. Akwai 'yan arba'in da biyar, akwai 'yan hamsin, magidantan da autansu bai gama firamare ba. Hukuncin salla a zaune ga mai uzuri fagen Malam Liman ne, ba namu ba, kuma ba ma zargin kowa: wani hatsarin mota ne, wani aiki aka yi masa a asibiti. Waɗanda muke magana a kansu su ne sauran, waɗanda gwiwa ta ƙi alhali ba su faɗi ba, ba su buge ba. Me ya cinye ƙafar? Kuma tana dawowa?

Gajiyar kasuwa ba motsa jiki ba ce

Bayan Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatake daga Kano da Katsina da ƙafa suke zuwa ƙasar nan, su da jakunansu da kayan tufafi, wasu su zarce har Ngaundare da Banyo da Tibati neman hauren giwa. Yau tafiyar Kano zuwa Yola, sama da kilomita 600, a zaune muke yin ta cikin yini ɗaya, mu sauka a tasha ƙafa ta kumbura. Sana'ar muka gada, tafiyar kuwa mun bar musu.

Mu ƙirga yinin ɗayanmu a kasuwar Jimeta. An sha shayi, an hau Keke Napep ko mota har bakin layi. An zauna a benci tun ƙarfe takwas. Kaya na sito, yaro zai ɗauko. Abinci, yaro zai kawo. Banki ma da a da ake takawa, yanzu ga waya ga mai POS a maƙwabta. In ban da alwala da salla, mutum zai iya kaiwa ƙarfe shida bai yi tafiyar minti goma a jere ba. Amma da ya dawo gida sai ya ce ya gaji liƙis, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai gajiyar ta kai ce: zafi, surutun ciniki, lissafi, bashi. Cinya ba ta yi aikin komai ba.

Ita kuwa tsoka, in ba a sa ta aiki ba zubewa take yi. Likitoci sun ƙiyasta cewa daga shekara 30 mutum na rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokar jikinsa a kowace shekara goma, abin kuma ya ƙara sauri bayan 60. Ba a lura da wuri, don nauyi ba ya raguwa, ƙaruwa ma yake yi: tsoka ta tafi, teɓa ta zo, jama'a na cewa Alhaji ya yi kyau. To tsokar gaban cinya ita ce ke riƙe gwiwa. In ta yi rauni, ga nauyi ya ƙaru, gaɓar ce za ta ɗauki wahalar. Daga nan sai a fara dafa ƙasa da hannu biyu wajen tashi daga sujada, sai dafa bango, sai kujera. Da an koma kujera kuma, ɗan aikin da cinyar ke samu sau biyar a rana shi ma ya tafi.

Wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da bincike a 1953 kan ma'aikatan manyan motocin Landan masu bene. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune, kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ya tarar direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma waɗanda ciwon ke kashewa da wuri a cikinsu sun kai kusan ninki biyu na kwandastoci. Mu duba shagunanmu, wane ne direba, wane ne kwandasta? Ba muna cewa a yi kwaɗayin rayuwar ɗan dako ba ne, shi ma buhu na cin bayansa. Amma ƙafarsa ta fi ta maigidansa, wannan kowa ya gani.

Wani zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kam mun bushe. To jikin mutum ba icce ba ne. A 1990, a Boston ta Amurka, wata likita mai suna Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi goma masu shekara wajen 90, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara suka kammala, kuma ƙarfin cinyarsu ya haura ninki biyu. In ɗan 90 ya samu haka cikin wata biyu, ɗan 48 ba shi da hujja.

Mu fara da awo

Ɗan kasuwa ba ya saye sai ya auna. A samu benci ko kujerar katako mai ƙarfi, a jingina ta da bango. Ban da ta roba, tana zamewa. A zauna, a rungume hannu a ƙirji, a miƙe tsaye sosai, a koma a zauna, ana ƙirgawa har daƙiƙa 30. A jadawalin hukumar CDC ta Amurka, namiji ɗan 60 zuwa 64 da ya kasa yin 14, ko mace da ta kasa yin 12, ya faɗi ƙasa da tsaransa. Saboda haka in kana da 45 ka tsaya a tara, ka san inda kake. A rubuta lambar a bayan littafin bashi, a sake gwadawa bayan wata biyu.

Awo na biyu ya fi wannan muhimmanci: hawan jini. Ba ya ciwo, ba ya sallama. Daga 140/90 zuwa sama, in an auna an sake aunawa, hawan jini ne. Wanda ya ga 180/110 kada ya fara komai sai ya ga likita. Haka mai ciwon zuciya, da mai suga da ke shan magani, da wanda gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi. Ga Asibitin Ƙwararru nan Jimeta, ga Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama a Yola.

Aikin kansa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar. Yawancinmu in an ce motsa jiki, tafiya kawai muke ji. Tafiya na gyara zuciya da numfashi, amma ita kaɗai ba ta isa ta dawo da cinyar da ta zube ba. Don haka bari mu fara da wanda aka fi mantawa.

Wannan zama da tashin da muka yi awo da shi, shi ne maganin. A yi goma, a huta minti ɗaya, a ƙara goma. Sirrin na wajen komawa: a sauka a hankali kamar ana ƙirga uku, ba a faɗa kan bencin ba. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta karkato ciki. Wanda ba ya iyawa ya ɗora matashi don wurin zaman ya ƙara tsawo, ya dafa cinya, daga baya ya cire. In sha biyar ta zama wasa, a rungumi galan na ruwa mai lita 5, wato kilo 5 ke nan, a ci gaba. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗan ƙara mata kaya, kamar yadda jari ba ya girma a ajiye. Kwana biyu ko uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani.

Na hannu da ƙirji: a dafa bango ko kantar shago, a ja ƙafa baya, a kai ƙirji kusa a ture, sau goma. Na baya da riƙo: galan biyu, ɗaya a kowane hannu, a miƙe sosai a zagaya tsakar gida. Na sharaɓa: a dafa bango a ɗaga dunduniya a sauke. Kada a riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, yana harba jini sama. A fitar da iska yayin da ake yunƙurawa. Duka wannan bai kai minti ashirin ba, kuma ba a sayi komai ba.

Miƙa kuwa ana yin ta bayan jiki ya ɗumama, ba daga tashi barci ba. Wurare uku ne ke hana zaman tahiya: idon sawu, gaban cinya, da ƙugu. A dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa, a karkata gaba. A kwanta ta gefe a kamo ƙafa ta baya a jawo dunduniya wajen mazaunai. A kwanta rigingine a rungumo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji. Kowanne a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ba fizga. Ja za a ji, ba suka ba. In an ji suka a cikin gaɓa, a saki. Mai yin asuwaki kuma ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango har ya gama gefe guda, wannan na rage faɗuwa a gaba.

Maganar kunya

Yanzu ga tafiya, kuma a nan ne matsalar take, don ba ƙafa ke hana mu ba, idon mutane ne. Alhaji ya fito daga Luggere ko Rumde zai taka zuwa kasuwa, bai yi nisa ba mai Keke ya tsaya, wani ya rage masa hanya dole, kafin azahar labari ya zaga layi cewa Alhaji ya karye ya sayar da mota. Mun san wannan, kuma ga ɗan kasuwa ba ƙaramin abu ba ne, don da suna ake ba mu kaya bashi. Amma abin mamaki, babban ma'aikaci ya sa wando da takalmin gudu ya zagaya wajen dandalin Ribadu da safe, sai a ce wayewa ce. Shawararmu ita ce a fita bibbiyu ko uku-uku bayan Asuba. Mutum ɗaya a ƙafa abin tambaya ne, mutum uku kuwa kowa ya san da niyya suka fito. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma, masu takawa sun yi yawa, ba wanda zai tsaya ƙirga ku.

Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana da abokin tafiya, amma ba za ka iya jan dogon karatu ba. A fara da minti goma. A fuskanci motoci, kada a ba su baya. A cikin shago ma, zuwa da kai ya fi aike: duk bayan rabin awa a miƙe, a je sito da kai. Tafiyar minti goma bayan abinci na rage hawan suga, don tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da ya shiga jini.

Masu niyyar aikin Hajji su fi kowa kula. Tafiya tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ta kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa da dawowa Mina cikin zafi da cunkoso. Mutum ya tara miliyoyi shekara da shekaru, ya tashi daga filin jirgin Yola, ya je ya ƙare a keken guragu yana biyan mai turawa, alhali wata shida na tafiyar safe da sun ishe shi.

Iyayenmu mata ba a bar ku a baya ba. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya su ne suka riƙe jikin kakanninmu. Yau ga inji, ga famfo, ga 'yar aiki. Ba mu ce a koma turmi ba. Amma bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace na saurin yin rauni, kuma aikin nauyi ne ke taimaka masa. Duk abin da muka lissafa ana yin sa a tsakar gida. Maigida kada ya yi dariya, ya ba da benci.

Tsoka kuma da abinci ake gina ta: wake, ƙosai, alale, awara, ƙwai, gyaɗa, kindirmo, da kifin Binuwai da Geriyo da Allah Ya hore mana a nan. Robar lemo guda mai rabin lita kuwa na ɗauke da suga sama da cokalin shayi goma. Sai haɗin "maganin gajiya" da ake karɓa a kemis kullum da yamma: yawancinsa akwai irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma yawan shansu na cin ƙoda da ciki, yana kuma ƙara hawan jini. Tsamin jiki na kwana biyu bayan fara motsa jiki ba ciwo ba ne, da kansa yake wucewa.

Amma ciwon ƙirji ko nauyi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, ko hakin da ya wuce misali, waɗannan a tsaya nan take a nufi asibiti, ba gida ba. Mai suga ya sa dabino a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, kada a wuce ƙarfe bakwai na safe a waje, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Da azumi kuma a mayar da aikin benci da galan zuwa bayan Tarawihi.

Masu son abokan tafiyar Asuba su ba da sunansu da unguwarsu a ofishin sakatare bayan salla, za mu haɗa na kusa da na kusa.