Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Hoton Kyamarorina Ke Tsalle-Tsalle?

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Bè-Kpota, Lome. A da kyamarorin tsaro 4 gare ni, hoto tangaran. Da na ƙara 4 a kan akwatin DVR ɗin nan mai baki 8, sai mutane suka koma tsalle-tsalle a bidiyon, fuska ma ba ta fita sosai. Jabun kyamarori aka sayar mini?

Amsa: Allah Ya sa albarka a kasuwa. Da wuya a ce laifin kyamarorin ne, galibi akwatin ne kaya ya yi wa yawa.

A cikin DVR akwai 'yar ƙwaƙwalwa guda ɗaya. Ita ke karɓar hoton kowace kyamara, ta matse shi ya ƙanƙance, ta zuba a ma'ajiya, sannan ta turo maka a waya. Kamar injin niƙa ɗaya ne a unguwa: ƙwarya 4 ko 8 aka jera, ƙarfinsa bai ƙaru ba, sai dai kowa ya jira layi.

Ga lissafin. Hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2. Motsi na tafiya sumul idan ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, wato ɗigo kusan miliyan 52 daga kyamara ɗaya, miliyan 207 daga guda 4. In iyakar ƙarfin ƙwaƙwalwar ke nan, aka raba wa 8, kowace za ta tashi da hoto 12 ko 13 kacal. Nan tsallen ya samo asali. Wasu akwatunan kuma faɗin hoton suke ragewa zuwa ɗigo 960, su rubuta 1080N a kwali, shi ya sa fuska ke dusashewa.

Ko wayar hannu haka take. Kyamarorinta na raba sashen gyaran hoto, shi ya sa a 2020 kamfanin Qualcomm ya saka irin wannan sashe har 3 a ƙwaƙwalwar Snapdragon 888, don kyamarori 3 su yi aiki lokaci guda.

To, ina mafita? Kada ka yi rabon daidai wa daida. In akwatinka ya ba da dama, ba kyamarar ƙofa da ta teburin kuɗi cikakken hoto, ta sito kuwa hoto 6 a daƙiƙa ya ishe ta, kuma a saita ta kada ta riƙa naɗa sai in ta ga motsi. Idan kana kallo ta waya, zaɓi ƙaramin hoto, babban ya tafi ma'ajiya. Tsarin matsewa na H.265, wanda ya fito a 2013, yana iya rage girman bidiyo da kusan rabi idan aka kwatanta da H.264, amma wurin ajiya yake ceta, ba ya ƙara wa ƙwaƙwalwa ƙarfi. Ka kuma ɗaga akwatin daga ƙarƙashin dilar atamfa ya sha iska, domin zafi da ƙura na gajiyar da shi.

In za ka sake saye, ka duba kyamarorin IP da akwatin NVR, inda kowace kyamara ke matse hotonta da kanta. Kuma kafin ka biya, tambayi mai kaya: hoto nawa a daƙiƙa kowane baki zai samu idan duk 8 suna aiki? Ya nuna maka a takardar akwatin, sannan ka ciro kuɗi.